Ɗan Gidan Abincin Tailan Da Tukubar Agashen Kamlin: Gyara Kayanka...

Jama'a, a yau muna so mu ɗan jingine maganar farashin dawa da riɗi da canjin kuɗi, wadda muka saba yi a wannan fili, mu yi maganar ciki. Kada wani ya ɗauka mun rasa abin faɗa ne. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a Galabat ko Adre ko Jibiya yana jiran a buɗe masa hanya, ya san cewa in ka cire kayansa, babu abin da ya fi damunsa kamar inda zai ci abinci ya tashi lafiya. Haka nan duk wanda ya iya lissafi ya san cewa kuɗin da ke fita daga aljihun fatake zuwa hannun masu abinci a yini guda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tambayarmu ita ce, wannan kuɗi a hannun wa yake zama? Kuma me ya sa sana'ar da ta fi kowace yayata sunan Bahaushe a ƙasar Sudan, ita ce kuma wadda muka fi rainawa?

Abin da ya jawo wannan tunani wani ɗan ƙaramin gidan abinci ne na mutanen ƙasar Tailan da muka shiga a birnin Jidda, bayan mun kammala Umra muna jiran jirgin ruwan da zai maido mu Sawakin. Yunwa ce ta kai mu, domin in da don son rai ne da wurin mai ful muka nufa. Wurin bai fi shagon mai tireda girma ba. Tebur shida ne kacal a ciki, da fanka biyu, da wurin wanke hannu a bakin ƙofa da sabulu a ajiye. Mai wurin dattijo ne Musulmi daga kudancin ƙasarsu, irin mutanen da ake kira Fatani a Makka, shi ke kan wuta, ɗansa kuma ke karɓar kuɗi yana kawo abinci. Ba mu jin harshensu, su ma Larabcinsu bai taka kara ya karya ba, amma ba mu sha wahala ba ko kaɗan, saboda kowane irin abinci an liƙa hotonsa a bango, da lambarsa, da farashinsa a ƙarƙashi. Sai dai ka nuna da yatsa.

An fara kawo mana wata miya mai ruwa-ruwa da suke kira tom yum, mai tsami da yaji, an jefa jatan lande a ciki da ganyen lemun tsami da wata ciyawa mai ƙanshi. Aka biyo da farar shinkafa da soyayyar taliya da ƙwai da dakakkiyar gyaɗa a gefe. Daga ƙarshe sai ga wani faranti ɗauke da nama a jikin tsinke, an gasa shi a kan gawayi, ga miyar gyaɗa a ɗan kwano. Suna kiransa sate. Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya shafe shekaru yana safarar tumaki, ya ɗauki tsinke ɗaya ya juya shi, ya kai baki, sannan ya dube mu ya ce: "Yara, ai wannan agashe ne aka sa wa riga da hula." Muka yi dariya, amma da aka kawo takardar kuɗi dariyar ta ragu, domin abin da muka biya a kan tsinke biyar ya isa mutum ya ci agashe ya ƙoshi ya yi guzuri a kan hanyar Wad Madani. Kuma a gaskiya naman bai kai namu daɗi ba. To, me muka biya wa kuɗi? Mun biya tsabta, da kujera, da sanin farashi tun kafin mu ci, da kwanciyar hankalin cewa ba za mu kwana muna zaryar bayan gida ba.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya san hanyar Khartum zuwa Wad Madani ya san Kamlin, garin da ke gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu a arewacin jihar Jazira. A garuruwan wannan hanya da ƙauyukan da ke kewaye da su, kamar yadda yake a Sinnar da Gadarif da Damazin, idan la'asar ta yi sanyi za ka hangi hayaƙi yana tashi, ga tsinkayen nama an jera sun kewaye garwashi, an baɗe su da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ga albasa da lemun tsami a gefe. Balarabe da Banube da mutumin Darfur duk suna tsayawa su saya, kuma dukkansu da suna ɗaya suke kiransa, wato agashe. Wannan kalma ba ta buƙatar tafinta a wurin Bahaushe: nama ne a gashe. Tsiren Kano da Sakkwato ne ya yi tafiyar ƙafa har ya iso bakin Nilu, ya zauna, ya shiga bakin mutanen ƙasa da sunansa na gida. Haka ma godo-godo, ɗan'uwan fura, wanda matanmu ke damawa da gero da nono suna sayarwa a kasuwanni.

Yadda abincin ya iso nan ba ɓoyayye ba ne. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu ke ratsa wannan ƙasa a ƙafa da jakuna suna neman Makka, wasu su yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago don haɗa guzuri, wasu kuma zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun sojojin Ingila, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a kusa da Sinnar. Da aka gama ginin madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka yi shuka da cirar audugar. Mutanen da suka zo da fartanya da allo, sun zo kuma da wuƙar fawa da turmin daka ƙuli-ƙuli. Saboda haka agashe ya haura shekara ɗari yana ci a wannan ƙasa.

Ba a Sudan kaɗai ba. A Legas da Fatakwal ana ce masa suya, a Kamaru soya, a Gana cicinga, kuma a duk inda ka je za a gaya maka cewa na Bahaushe shi ne na ainihi. A farkon shekarar 2025 aka ba da sanarwar cewa babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da kalmar suya cikin kalmominsa. Ke nan muna da abinci guda wanda ya ratsa Afirka daga bakin teku zuwa bakin teku ba tare da wata gwamnati ta kashe masa ko sisin kwabo ba. Abin tambaya shi ne, ina ribar? Mai tukuba nawa muka sani wanda ya gaji sana'ar daga ubansa a ƙarƙashin rumfar buhu, ya kuma bar wa ɗansa gini mai ƙofa da taga?

A nan ne labarin mutanen Tailan ya kamata ya tsaya mana a rai. Mu 'yan kasuwar kan iyaka mun san sunan ƙasar tun da daɗewa, amma a jikin buhu muka san shi. Shinkafarsu ce ta riƙa sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta hauro arewa, ta cika rumbunan Gaya da Maraɗi da Ƙonni, kuma fasa-ƙwaurinta na cikin manyan dalilan da suka sa Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Wanda ya yi asara a wancan lokaci bai manta ba. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, waɗannan mutane ba su tsaya ga sayar da ɗanyar shinkafa ba. Sun gane cewa ribar da ke cikin faranti ta ninka wadda ke cikin buhu, sai suka bi shinkafarsu har kan tebur.

A shekarar 2002 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta ƙaddamar da wani shiri mai suna Global Thai. A lokacin akwai gidajen abincin Tailan kimanin 5,500 a ƙasashen waje, aka ƙudiri aniyar kai su 8,000 cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Aka horar da masu girki, bankunan gwamnati suka buɗe ƙofar rance ga mai son buɗe gidan abinci a waje, aka tsara samfurin gidajen abinci hawa-hawa, daga na talaka zuwa na mai hali, ta yadda wanda bai taɓa yin sana'ar ba zai tarar da tsari a shirye. Ma'aikatar cinikinsu kuma tana ba da wata alamar shaida mai suna Thai Select ga gidan da ya cika sharuɗɗa. Kafin a cika shekara ashirin, adadin gidajen ya haura 15,000. Da yawansu suna sayen shinkafa da kayan ƙanshi da madarar kwakwa da miyar kifi ta kwalba daga gida, suna aika kuɗi gida, suna kuma sa wanda ya ci ya yi sha'awar zuwa ganin ƙasar. Ɗan shagon nan mai tebur shida da muka shiga a Jidda, ko ya sani ko bai sani ba, jakada ne kuma dillali ne.

Wannan dabara ma ba a 2002 suka fara ta ba. Soyayyar taliyar nan da ake kira Pad Thai, wadda duniya ke ɗauka tun kaka da kakanni take, gwamnatin Firayim Minista Phibun ce ta yayata ta a ƙarshen shekarun 1930 da farkon na 1940, ta ƙarfafa wa talakawa gwiwa su riƙa dafa ta suna sayarwa a bakin titi. Haka kuma ba su ji kunyar masu girkin bakin titin nasu ba. A ƙarshen 2017 wata tsohuwa mai suna Jay Fai, wadda ke soya abinci da hannunta a kan gawayi a wani ɗan shago a Bankok, ta sami tauraron Michelin, lambar yabon da manyan otal-otal na Faransa ke rububin samu. A watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya miyar tom yum ta jatan lande cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Bugu da ƙari, duk da cewa Musulmi ba su kai kashi ɗaya cikin goma na al'ummar ƙasar ba, suna da majalisar Musulunci da ke ba da shaidar halal, da cibiyar binciken halal a jami'ar Chulalongkorn, abin da ya buɗe wa kajinsu da kayan gwangwaninsu kasuwannin ƙasashen Musulmi. Tun da maganar ta zo, muna shawartar duk ɗan'uwan da tafiya ta kai shi irin waɗannan gidaje ya nemi wannan shaida ko ya tambaya kafin ya zauna, domin girkin waɗanda ba Musulmi ba a cikinsu yakan haɗa da naman alade.

To mu fa? Bari mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Ciwonmu na farko raini ne. A al'adarmu fawa sana'a ce da ake gado, tana da sarkinta, tana da dokokinta, amma har yau akwai gidajen da in mahauci ya zo neman aure za a fara kallon-kallo. Alhajin da ke cin tsire kowane dare ba ya son a ce ɗansa mai tsire ne. Yaron da ya tashi a gindin tukuba, da zarar ya sami ɗan jari sai ya gudu ya koma sayar da waya ko tuƙa raksha, domin a daina kiransa da sunan sana'ar. Ta haka ƙwararru ke ƙarewa, sana'ar kuma ta kasa tara jari, tun da duk wanda ya samu ficewa yake yi. A halin da ake ciki, kafin yaƙi, mun ga yadda a manyan unguwannin Khartum wasu da ba su gaji sana'ar ba suka buɗe wurare masu fitilu da kujeru da allon suna, suka rubuta agashe da manyan baƙaƙe, suka ɗauki yaranmu aikin yanka da gashi a kan ladan yini. Ba mu ga laifinsu ba, kasuwa ta kowa ce. Mu ne muka bar ƙofa a buɗe.

Ciwo na biyu shi ne rashin kula da tsabta da tsari. Mun taɓa tsayawa a wata tasha a kan hanya, muka tarar da nama a buɗe tun hantsi, ƙudaje sun yi masa rumfa, ƙurar manyan motoci na sauka a kai, ruwan wanke wuƙa kuma shi ne na wanke hannu. Muka ce wa mai wurin, "Baba, da ka sami ɗan gilashi ko ko da yadi mai tsabta ka rufe naman nan, ai da ciniki ya ƙaru." Ya ce, "Ɗana, wuta tana kashe komai, haka muka tarar." Wuta tana kashe abin da ke jikin nama, amma ba ta zuwa kan albasar da aka yanka da hannu marar wanki, ba ta kuma zuwa kan tsohuwar jaridar da aka naɗe naman a ciki. A ƙasar da aka ayyana ɓarkewar cutar kwalara a watan Agusta na 2024, wadda ta halaka dubban mutane, wannan magana ta wuce ta ƙyale-ƙyale. Mutum ɗaya ya kwanta ciwo bayan ya ci a wurinka, ka rasa tasha guda, kuma ba kai kaɗai za a zaga ba, cewa za a yi abincin Hausawa ne.

Ciwo na uku farashin da ba shi da fuska. Baƙo ya tsaya, sai a dubi takalminsa da motarsa kafin a faɗa masa kuɗi. Mu 'yan kasuwa mun san daɗin ciniki da tayi, amma abinci ba atamfa ba ne. Mai jin yunwa da iyalinsa a mota ba ya son jayayya, kuma in ya gane an yi masa tsada saboda baƙunta ba zai dawo ba, zai kuma gaya wa goma. Dattijon nan na Jidda bai fi mahautanmu iya wuta ba. Abin da ya fi su da shi allon farashi ne da sabulu da murfi.

Mun san akwai masu cewa, yanzu ana maganar rai wa ke maganar tsire? Suna da hujja. Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, mutane fiye da miliyan goma suka bar gidajensu. A watan Disamba na wannan shekarar Wad Madani ta faɗa hannun RSF, garuruwa da ƙauyukan Jazira, har da yankin Kamlin da Hasahisa, suka ga wawashe dukiya da kisa da gudun hijira, sai a farkon 2025 sojoji suka karɓe yankin. An kwashe dabbobi, an fasa shaguna, jarin mutane da yawa ya tafi. Amma fa wannan shi ne ma dalilin da ya sa muke maganar a yanzu. Wanda ya dawo gida hannu rabbana ba zai iya sayen mota ko cika shago da kaya ba. Abin da zai iya farawa da shi gobe da safe shi ne gawayi da tsinke da ƙafar akuya guda. A lokacin yaƙin nan kowa ya ga cewa tukwanen takiyya, wato girkin taimakon juna da matasa da mata suka riƙa yi a unguwanni, su suka riƙe rayukan jama'a a lokacin da ofisoshi suka watse. Garin da ke farfaɗowa daga kan murhu yake farawa. In za a sake gini, gara a gina shi daidai tun daga tushe.

Wasu kuma za su ce, ai su Tailan gwamnati ce ta tsaya musu, mu wa zai tsaya mana? Gaskiya ne ba mu da bankin da zai ba mai tukuba rance, kuma wanda ya zauna jiran gwamnati a wannan hali zai daɗe bai ci abinci ba. Sai dai akwai misalai a kusa da mu da ba su jira kowa ba. A Khartum, wata mai sayar da shayi, Awadiya Mahmud Koko, ta haɗa kan mata masu shayi da abinci cikin ƙungiyar taimakon juna tun a 1990, domin su kare kansu daga kora da ƙwace kayan aiki, har ta kai a 2016 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata. A Nijar kuma, masu kilishi da manoman albasar Galmi sun kai ga an yi wa kayansu rajista a hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde, ta yadda sunan ya zama dukiya mai kariyar doka. In mai shayi ta iya, in mai kilishi ya iya, me zai hana mai agashe?

Akwai kuma masu ganin cewa cin abinci a waje ba ɗabi'ar mutumin kirki ba ce, mai mutunci a gidansa yake ci. Mun taso mun ji haka, kuma ba mu ce a bar tuwon gida ba. Amma falke ba ya tafiya da murhun matarsa. Direba da ɗan kamasho da mai rakiyar shanu da matar da ta kawo marar lafiya asibiti daga ƙauye, duk dole su ci a hanya. Tun da dole ne a ci, to a samar da wurin da mai mutunci zai zauna ba tare da ya ɓoye fuska ba, har da ɓangaren da mata da yara za su zauna a natse. Wanda ya fara yin haka a tasharsa zai ga irin cinikin da yake ta wucewa a gabansa shekara da shekaru.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar izinin minista. Na farko, masu agashe da masu godo-godo na kowace kasuwa su haɗu ƙarƙashin Sarkin Fawa ko wani dattijon da suka yarda da shi, su amince da sharuɗɗa kaɗan waɗanda kowa zai iya kiyayewa: naman yau a sayar yau, a rufe shi, a ware ruwan wanke hannu da sabulu, a daina naɗe abinci a tsohuwar jarida da takardar siminti, a rubuta farashi a allo. Wanda ya cika a ba shi wata alama ya rataya, wanda ya saɓa a karɓe. Alamar da mutanen Tailan ke liƙawa a ƙofa ba ta wuce haka ba. Na biyu, a yi adashi na musamman don kayan aiki, wannan wata a saya wa wane akwatin gilashi, wata mai zuwa a yi wa wane benci da rumfar kwano. Na uku, manyan 'yan kasuwarmu da ke loda tumaki zuwa Sawakin da gyaɗa da riɗi zuwa Port Sudan su daina ganin sa jari a gidan abinci a matsayin faɗuwar girma. Ragon da aka sayar a tsaye riba ɗaya yake bayarwa. Wanda aka yanka aka gasa a gida yana ciyar da mahauci da mai gawayi da mai ƙuli-ƙuli da mai albasa da mai fata, kafin a zo kan ribar mai shi. Na huɗu, garin yajin agashe kansa haja ne. Ba ya lalacewa da wuri, ba shi da nauyi, yana iya tsallaka kowace iyaka. A daka shi da tsabta, a zuba a leda ko gwangwani, a rubuta sunan mai shi da garinsu da Larabci da Hausa. 'Yan Sudan da yaƙi ya watsa zuwa Alƙahira da Jidda da Kampala suna kewar wannan ɗanɗano, kuma za su saya.

Akwai wani dalili na ƙarshe da ya fi kuɗi nauyi. Ba mu manta da abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022 ba, lokacin da rikici kan ƙasa da sarauta ya ci ɗaruruwan rayuka, aka kuma sake jin masu cewa Bahaushe baƙo ne, alhali kakansa a nan aka binne shi. Ba mu ce tsinken nama zai tare harsashi ba, kuma ba zai maye gurbin adalci da doka ba. Amma mutumin da ya saba zama a rumfarka, ya san sunanka, 'ya'yansa suka girma suna cin abincin hannunka, yana da wuya a zuga shi ya yarda cewa jiya ka zo. Mutanen Tailan sun fahimci cewa wanda ya ci abincinka ya ji daɗi ya riga ya fara saninka. Mu kuwa mun ciyar da Sudan fiye da shekara ɗari, amma muna jin nauyin rubuta sunanmu a kan allo.

Muna kira ga matasanmu na Kamlin da Hasahisa da Mai Wurno da Gadarif, da 'yan'uwansu na Illela da Maigatari da Ɗan Isa, duk wanda ya gaji tukuba kada ya yar da ita. Ya wanke ta, ya yi mata rumfa, ya sa mata suna. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.